Kuskuren mai gyaran rediyo da ya koya mini zuƙe iska daga ledar bandar kifi

Yau ba maganar abinci ko magani na kawo ba. Magana ce a kan ɗan famfon iskar nan da muke jona wa 'ya'yan kifi, wanda bai fi sabulun wanki girma ba, yana ta ƙugi a gefen baho dare da rana. Nawa ya daina hurawa ya koma zuƙa, kuma ba da gangan aka fara ba.

A Birnin Kudu nake zaune. Ina kiwon tarwaɗa a bayan gida cikin tankunan tamfol guda 2, da 'yan bahunan ƙyanƙyasa a ƙarƙashin rumfa. Bara da damina ɗaya daga cikin famfunan iskata biyu ya lalace, yana kuka amma ba kumfa. Ranar da zan je Gwaram gaida dangin mahaifiyata sai na jefa shi a jaka, saboda akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da tocila da nake kai wa irin wannan tarkacen tun ina makaranta. Ya kwance shi, ya zaro wata baƙar roba mai kamar murfin kwalba, ya ɗaga ta a rana ya nuna mini tsaga.

"Ɗana, ga ciwon nan. Robar ce ta yage."

Ya tona kwalin matattun kayansa ya samo wata, ya sa, ya ɗaure, ya jona. Muka ji ƙugi. Na biya, na kamo hanya.

Da na iso gida na jona tiyo, na jefa dutsen kumfa cikin baho, na kunna. Shiru, ko ɗigon kumfa babu. Ina tsaye ina mita sai na ga ruwa yana hawa cikin tiyon a hankali, ya nufi famfon da ke kan kanta. Da ban fizge fulogi ba, da ruwa ya isa inda wuta take. Na kira shi a waya na ce, "Baba, injin nan fa shan ruwa yake yi." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To na juya masa ciki ke nan. Kawo in mayar maka."

Ban kai ba. Dalili kuwa, a satin nan nake cikin jimamin wata asara, kuma da na ga ruwan nan yana hawa sai wani tunani ya faɗo mini.

Duk mai kiwon tarwaɗa ya san halin da ake shiga idan kifi ya isa fitarwa. Kowace kwana ka ƙara, kuɗinka yake ci. Mai sari kuma ya san haka sarai, sai ya taya yadda ya ga dama ya koma gefe yana danna waya. A watan Agusta haka ta faru da ni, na ce wallahi ba zan sayar a wannan farashin ba, gara in yi banda in riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan. Na kyafe kilo 60, na samu wajen kilo 17 busasshe, na jera a kwali da jarida kamar yadda na ga ana yi. Sati 3 na buɗe kwalin. Fumfuna fari da kore a saman, a ƙasa kuma gari kamar an yi tankaɗe, ga wasu tsutsotsi masu gashi suna yawo cikin ƙoƙon kan kifin. Wannan ƙwaron masana suna kiransa Dermestes maculatus. Uwar takan saka ƙwai a cikin tsagogin busasshen kifi, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye tsoka su bar maka fata da ƙaya. Da hunturu ne da abin bai kai haka ba, don iskar a bushe take. Amma a Agusta busasshen kifi jan laima yake daga iska kamar gishiri.

Wani maƙwabci ya ce in yayyafa fiya-fiya, haka kowa ke yi. Uwargida tana jin haka ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, in ka zuba masa wannan abin, to ba dai a tukunyata ba." Kuma tana da gaskiya. Maganin ƙwarin nan mai sinadarin DDVP guba ne, ba a yi shi don abinci ba, NAFDAC ta sha jan kunne a kai. Saboda irinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Idan Bature ya ƙi waken da aka fesa wa, ni ina zan kai kifin da yarana za su ɓantara su ci ko dafawa ba a yi ba?

Mu nan kudancin Jigawa mun riga mun ga wata hanyar da ba guba. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa tun 2007 don ajiyar wake. Ba magani a cikinsa. Hana ƙwaro iska kawai ake yi. Akwai kuma injin da ke zuƙe iska daga leda ya liƙe bakinta, ana samu a Kano, amma mai tankin tamfol biyu bai isa ya tunkare shi ba. Shi ya sa da na ga famfona yana zuƙa, na ce bari mu gani ko kuskuren Baba zai zama alheri.

Abin da ke cikin famfon

Kafin ka taɓa sukundireba, cire fulogi daga soket. Ba kashe makunni ba, cirewa. Wutar gida ce kai tsaye ke shiga ciki, bolt 230, ba caja a tsakani.

Idan ka kwance sukurori huɗun da ke ƙasa, abu uku za ka gani. Akwai naɗin waya a kan ƙarfe. Akwai wani siririn hannu mai maganaɗisu a bakinsa, yana fuskantar naɗin. Sai baƙar robar nan da aka ɗaure a tsakiyar hannun. Wutar da muke amfani da ita tana juyawa gaba da baya sau 50 a daƙiƙa ɗaya, don haka hannun ma yana kaɗawa sau 50, yana danna robar yana sakinta. Wannan shi ne ƙugin da kuke ji. Ba mota a ciki, ba abin da ke juyawa, shi ya sa ba ya cin wuta, nawa wat 3 aka rubuta a jikinsa.

Sirrin yana ƙarƙashin robar. Akwai wani ɗan gida na roba mai tauri da aka raba ɗaki biyu, kowane ɗaki da 'yar ƙofa ta siririyar roba kamar harshe. Ɗaya ciki kawai take buɗewa, ɗaya waje kawai. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya kalli zugazugi ya riga ya gane: a buɗe iska ta shiga ta nan, a matse ta fita ta can. To ɗakin fita shi ne aka saita da bakin da muke jona tiyo. Abin da Baba ya yi shi ne ya mayar da ɗan gidan nan a juye, ɗakin shiga ya koma saitin bakin tiyo. Shi ke nan fa. Ba a ƙara komai ba, ba a sayi komai ba.

Idan kai za ka yi da gangan, zare baƙar robar a hankali kada ka yaga ta, kwance sukurun da ya riƙe ɗan gidan ko ka zaro shi daga raminsa, ka juya gaba ta koma baya, ka mayar. Wasu kamfanonin sukan sa ɗan haƙori a gefe don kada a mayar da shi a juye. In ka tarar da shi, reza za ta yanke. Ka kula da siririyar robar da ke tsakanin ɗan gidan da jikin famfo, in ta karkace iska za ta riƙa satar hanya, ka ji ƙugi ba zuƙa. Ka rufe murfin kafin ka jona wuta, sannan ka ɗora yatsa a bakin. In ya kama fatar yatsanka, an gama.

Akwai samfurin da ba ya juyuwa ko kaɗan, an narka shi wuri ɗaya. Wannan kada ka fasa shi. Nemi robar ajiye abinci mai murfi da ke rufuwa gam, ka sa famfon gaba ɗaya a ciki. Huda uku za ka yi: ta wayar wuta, ta tiyon da ke fitar da iska waje, da ta wani tiyon daban wanda bakinsa kawai ke cikin robar. Toshe gefen hudojin da silikon ka bar shi ya kwana. Famfon zai riƙa kwashe iskar cikin robar yana fitarwa, tiyo na ukun sai ya zama mai zuƙa. Amfanin wannan hanyar, duk ranar da ka so ka ciro abinka ka mayar wa kifi. Illarta, zafi yana taruwa a ciki, don haka minti 10 ka kashe ya huta.

Abu ɗaya da ba na yarda a tsallake: kwalbar tarko. Kwalba mai faɗin baki da murfin ƙarfe, irin ta bama, ka huda murfin biyu. Tiyo ɗaya daga famfo ya tsaya a sama daf da murfi, ɗaya kuma ya sauka kusa da ƙasan kwalbar, shi ne zai tafi wurin aiki. Duk ruwa ko mai ko garin kifi da aka zuƙo a kwalbar zai zauna, ba zai kai ga wuta ba. In za ka yi da robar ƙarin ruwa saboda tana da ɗan makullin rage gudu, sayi sabuwa a kemis. Kada ka tsinto wadda aka yi wa mara lafiya amfani da ita.

Kuma don Allah, in famfonka ɗaya ne tilo kuma kana da 'ya'yan kifi a baho, bar shi ya yi aikinsa. Ni biyu gare ni shi ya sa na yi wasa da ɗaya.

Ƙarfinsa nawa ne, tsakani da Allah?

Na so in san gaskiyar abin kafin in ɗora masa buri. Gwajin ba wuya. Na aje bokitin ruwa a ƙasa, na tsoma farin tiyo mai tsawon mita 2, na miƙar da shi jikin bango har zuwa kwalbar tarko a sama, na kunna. Ruwa ya hau, ya hau, ya tsaya a mita 1 da santimita 30. Na yi alama da gawayi.

Ga ma'anar alamar. Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, tana danna kowane santimita murabba'i da kusan kilo 1. Da a ce famfo zai iya kwashe iska kakaf, ruwan zai hau wajen mita 10. Nawa ya tsaya a 1.3. Wato kashi ɗaya cikin takwas kawai yake iya cirewa. A Jamus a ƙarni na 17, magajin garin Magdeburg, Otto von Guericke, ya haɗa ƙoƙunan tagulla biyu baki da baki, ya zuƙe iskar ciki, aka ɗaura dawakai 16 suka kasa raba su. To namu ba na jan dawakai ba ne.

Wannan lissafin ne ya cece ni daga wani kuskure. Da farko niyyata in zuba kifi a bokitin fenti mai murfi in zuƙe. Amma abu mai tauri ba ya lotsawa, don haka kashi bakwai cikin takwas na iskar yana nan daram a ciki. Ƙwaro zai ci gaba da numfashi hankalinsa kwance. Duk wanda ya ce maka da wannan ɗan famfon zai kashe ƙwari a kwalba ko a jarka, bai gwada ba.

Leda kuwa daban. Ita lotsawa take yi. Kana zuƙa, iskar waje tana danna ta, tana bin jikin kifin har ta manne, iskar da ta rage sai 'yar wadda ta maƙale a lunguna. Kuma matsin ba ƙarami ba ne: a faɗin tafin hannu ya kai nauyin kilo 13. Shi ya sa ledar takan yi tauri kamar katako. Ashe ba ƙarfin famfon ke aikin ba, iskar Allah ce ke yi, shi dai hanya yake ba ta.

Yadda nake ɗaurawa

Ledoji nawa na ɓata kafin na gane? Sun fi 20. Matsalar farko ƙayar tarwaɗa ce, musamman biyun nan na gefen kai. Leda na matsewa sai ka ji "tsit", shi ke nan ta huje. Yanzu tun kifin yana ɗanye nake datse su da filaya. Na kuma daina naɗe shi zobe kamar yadda aka saba gani a kasuwar kifi ta Haɗeja, saboda ramin tsakiyar yana riƙe iska kuma leda takan yage a wurin. Gunduwa-gunduwa nake yankawa, kai daban.

Matsala ta biyu ledar kanta. Farar ledar ƙulla sukari da baƙar ledar cefane ba sa yi. Ko ba su huje ba, iska tana ratsa su a hankali, kwana biyu ka ga sun saki. Akwai mai kauri da ake yi musamman don wannan aikin, ruɓi biyu ce a manne, a wurin masu sayar da leda a Kano nake saro ta. Ta fi tsada, amma ba ta kai asarar kifi ba.

Ina liƙe bakin ledar in bar kusurwa ɗaya daidai shigar tiyo. In tura tiyon har ya taɓa kifi, in ba haka ba ledar za ta manne a bakinsa ta toshe shi tun ba a je ko'ina ba. In matse kusurwar da yatsu, in kunna. Ledar rabin kilo takan ɗauki kamar minti ɗaya. Idan ta kama jikin kifin, sai in riƙa janyo tiyon a hankali famfo na aiki, in danne bayansa da rula, in liƙe. Ina da ɗan injin liƙe leda irin na masu ƙulla yaji, amma kyandir da bakin tsohon zarto ma suna yi in hannunka ya saba. Ka dai goge wurin liƙin, don in akwai maiƙo ba zai kama ba. Sai in bar su su kwana. Wadda na tarar ta saki da safe, tana da huda, a sake.

Lokacin ɗaurawa ma yana da muhimmanci. Zafin banda yana kashe ƙwaro da ƙwansa, don haka kifin da ya sauko daga wuta a tsarkake yake. In ka ɗaure shi da zafi zai yi gumi a leda. In ka bar shi ya kwana biyu a buɗe, ƙwaro ya riga ya saka ƙwai, ka ɗaure ɓarawo a cikin ɗaki. Ni ina baza shi a kan waya in rufe da gidan sauro, ya huce sarai, in ɗaure a ranar.

Inda abin zai iya kashe mutum

Nan ne nake so ku rage gudun karatu.

Akwai wata Hajiya da ke sayen kifina, ita ba ta son mai tauri. "Malam, ka yi mini mai laushi-laushi, wanda in an sa a miya zai narke." Na yi mata banda ta yini ɗaya, na ɗaure leda 6 don in burge ta. Ta ɗauki 4, ta dafa a kwana biyu, lafiya lau. Biyun da suka rage na manta da su a kan kanta. Kwana 5 na tarar ɗaya ta kumbura kamar balan-balan, ga ɗigon ruwa a ciki. Ɗayar kuwa tana nan a matse, kyakkyawa, ba wari. Na ce to wannan ta tsira, a sa a miyar dare.

Allah ya sa ɗan ƙanen mahaifina, ma'aikacin lafiya ne, ya shigo a lokacin. Ya ji labari ya ce, "Yaya, wadda ta kumbura ita ce mai mutunci, ta gaya maka gaskiya. Wannan mai shirun ita nake tsoro. Haƙa rami ka binne su duka, kada ko kaji su ci."

Abin da ya yi mini bayani, na kuma bi na karanta, shi ne akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Tana zaune a ƙasa da taɓon kududdufi, tana shiga hanjin kifi da matsefarsa. Takan dunƙule ta yi ɓawo, zafin banda na yau da kullum ba ya kashe ta a wannan halin. Muddin akwai iska ba ta motsi. Abin da take jira shi ne wurin da ba iska, ga laima, ga ɗumi, ba gishiri sosai. Wato daidai abin da na haɗa mata a ledar Hajiya. A nan take farkawa ta fitar da gubar da ke cikin mafi ƙarfi da aka sani a duniya, kuma sau da yawa kifin ba ya wari, ba ya canza kala. Wanda ya ci, galibi bayan awa 12 zuwa 36, sai ya fara ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta faɗo, haɗiya ta gagara, murya ta shaƙe, daga nan numfashi. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba na jira a ga safiya ba. Asibiti kai tsaye, mu nan babban asibitin tarayya na Birnin Kudu, kuma a gaya wa likita abin da aka ci.

Ba tatsuniya ba ce. A Amurka a 1963 mutane sun mutu bayan cin kyafaffen kifin da aka zuƙe wa iska aka ɗaure a leda. A Alƙahira a 1991, kifin gishirin da suke kira fasikh, wanda ake ajiyewa ba a cire hanjinsa ba, ya kwantar da mutane da dama, 18 suka rasu.

Ƙwayar nan ba ta iya komai a abin da ya bushe ƙayau. Don haka dokata yanzu: ba kifin da ke shiga leda sai an fede shi an cire hanji da matsefa, an wanke, an jiƙa a ruwan gishiri, an kyafe shi har ya bushe ciki da waje. Ido yana ruɗi, don haka sikeli nake bi. Ɗanyen tarwaɗa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. In na ɗora kilo 10 na fedaɗɗen kifi, sai ya sauko ƙasa da kilo 3 nake yarda. Sannan in ɗauki gunduwa mafi kauri in karya. In ta ce "ƙas", to. In ta lanƙwasa, ko na ga tsakiyar tana danshi, ta koma wuta. A wurina wannan yakan ci kwana biyu zuwa uku da wuta kaɗan-kaɗan. Mai laushin Hajiya kuwa a takarda nake naɗe mata, in ce ta dafa yau ko gobe, ko ta sa a firiza.

Abin da gwaji ya nuna

A Satumba na yi banda ɗaya na raba uku. Kashi ɗaya a kwali yadda na saba. Kashi ɗaya a leda mai kauri, na matse da hannu na liƙe ba tare da famfo ba. Kashi na uku na zuƙe.

Na kwali bai kai wata ba ƙwari suka shiga. Na biyu da na uku, har bayan wata 2 ba ƙwaro ko ɗaya, ba fumfuna. Kun ga ke nan babban aikin busarwa da leda ne suka yi shi, ba famfo ba. Wannan sai na faɗa, ko da zai rage wa labarin armashi. Wanda ba shi da wuta ko famfo, ya busar da kyau ya liƙe, ya samu mafi yawan amfanin.

To me famfon ya ƙara? Tarwaɗar kiwo tana da mai, kuma iska tana lalata mai. Na ledar da ba a zuƙe ba ya fara warin tsohon mai, yana ɗan maƙaƙi a maƙogwaro. Wanda aka zuƙe yana nan da ƙamshin hayaƙinsa. Na biyu, ba ya karyewa a hanya, don gunduwoyin ba sa gogar juna. Na ɗaura kwali a bayan babur zuwa kasuwar Sara, na buɗe ba gari a ƙasa. Na uku, ledar da kanta take ba ka labari: in ta saki ka san ta huje, ka fara sayar da ita. Na huɗu kuma, ido. Ma'aikacin da zai kai tsaraba Dutse ko Abuja, in ya ga leda a matse tsaf da kwanan wata a rubuce, ba ya tsayawa dogon ciniki.

A ɗakin ƙyanƙyasa ma na same shi da rana, wataƙila ma fiye da wurin banda. Masu ƙyanƙyasa sun san ƙwan tarwaɗa yana fashewa cikin kwana ɗaya ko ɗan fiye, kuma waɗanda suka mutu sukan yi fari, fumfuna ta kama su ta bi ta kan masu rai. Da, da baki nake jan tiyo don in tayar da ruwa, na sha ruwan baho ba adadi. Yanzu kwalbar tarko ce ke aikin. Ina bin ƙasan baho da siririn tiyo ina tsince fararen ƙwai da ragowar abinci, in rage gudun da makullin nan. In ɗan kifi ya biyo, yana cikin kwalba da ransa, in mayar da shi. Ka dai sa ido kada kwalbar ta cika, kuma famfon ya zauna sama da ruwa, a wuri busasshe.

Masu kaji, ku naku kaɗan ne. In kun buɗe ledar sinadarin haɗa abinci ko garin bitamin ba ku ƙarar ba, zuƙe iskar ku liƙe, ba zai dunƙule da damina ba. Buhun abinci kuwa kada ku wahalar da kanku, famfon zai yini bai gama ba. Ƙwan da za a sa a inji ko a ƙarƙashin kaza, kada ya kusanci wannan aikin, numfashi yake yi ta ɓawonsa.

Baƙar robar nan ita ce ke fara mutuwa. Zuƙa tana wahalar da ita fiye da hurawa, musamman in ka bar famfo yana kuka bayan leda ta riga ta matse. Tawa ta sake yagewa bayan wata 5. Na gwada yanko tsohon tub na babur, ya yi tauri, hannun ya kasa kaɗa shi. Dole na koma Gwaram. Na tafi wa Baba da leda ɗaya ta rabin kilo, na ce ga abin da kuskurensa ya haifa. Ya juya ta gaba da baya, ya ƙwanƙwasa ta a kan teburinsa, ya kai hanci bai ji komai ba. Sai ya tura ta ƙarƙashin benci, ya jawo kwalin matattun kaya, ya ce, "Ɗana, yau a juye kake so ko a daidai? Don na juye kuɗinsa ya fi."